Idon Hagu

Yayana Shigeharu ya bar mini gado biyu:
bashin hayar gareji na wata bakwai,
da Mazda RX-7 a ƙarƙashin tamfol,
ƙirar saba'in da tara, koriya shar,
tayoyinta huɗu duk sun durƙusa.

Ni tikitin jirgin fito nake sayarwa a Onomichi.
Ban taɓa riƙe sifana ba.
Na yaye tamfol da niyyar kiran masu gwangwan,
sai ga ta tana kallona da ido ɗaya:
fitilar dama ta miƙe,
ta hagu ta kwanta abinta.
Haka Shigeharu yake kanne ido in zai sharara ƙarya.
Na mayar da waya aljihu.

Tsoho Hamaoka, da ya tsufa yana walda a jikin jiragen ruwa,
ya zo da tocila da 'yar guduma.
Ya ƙwanƙwasa gindin ƙofa,
tsatsa ta zubo ja wur, kamar garin barkono.
Ya ce, "Kinuyo, iskar teku ba ta da haƙori,
amma dubi abin da ta ci."

Sanyi biyu muka ci a garejin nan.
Na koyi cewa noti mai taurin kai ba a yi masa ƙarfi,
jiƙa shi ake da mai, a bar shi ya kwana,
da safe a dawo a lallaɓa.
Uku na karya kafin in yarda.
Na koyi cewa injinta ba shi da fistin,
wasu ƙarafa biyu ne masu kusurwa uku,
kamar curin shinkafar da innarmu ke ƙunsa mana,
suna juyi a ɗaki mai siffar kwanson gyaɗa.
Kowace kusurwa da siririn ƙarfenta,
in ya cinye, numfashi ya tsere.
Guda shida suka lashe mini rabin albashi.
Robar gilashin baya kuwa
sai wajen wani manomi a Hokkaido,
ta iso bayan mako goma sha ɗaya,
naɗe a tsohuwar jarida, tana warin albasa.

A aljihun gaban mota na tsinci littafinsa.
Kwanan wata, baƙin mai, filogi, ruwan lagireto,
shekara da shekaru, da rubutun nan nasa mai karkata.
Mutumin da bai taɓa tuna ranar haihuwata ba!
Layin ƙarshe kalma uku ne:
fitilar hagu, Lahadi.
Ranar Juma'a aka kai shi asibiti.

Da muka murza makulli ta yi tari sau biyu, ta yi shiru.
Hamaoka ya ce, "Sake."
Sai gareji ya ɗauki ruri,
shuɗin hayaƙi ya cika lungu,
maƙwabciya ta fito a guje tana kwashe shanya.
Hayaƙin ne ya sa ni hawaye, in ji ni.

Yanzu ina bin dokokin tsoho.
Kada ki kashe ta jikinta bai ɗumi ba.
Duba baƙin mai, shansa halinta ne, ba ciwo ba.
Wanke ƙarƙashinta in kin bi gaɓar teku.
Uwa-uba, kada ki ajiye ta don so,
zama ke kashe irinta.

Duk Lahadi sai mu haye gada zuwa Mukaishima,
ta cikin gonakin lemu,
ina sa giya ta uku, tana tsuwwa kamar zuma ta tashi.
In magariba ta riske mu a hanya na murɗa fitila,
ta dama ta yi wuf,
ta hagu ta ɗan yi nawa, numfashi guda, sannan ta buɗe.

Hamaoka ya ce aikin minti goma ne.
Na ce a bari tukuna.